Gwajin ƙanjamau ya fito lafiya amma tunjere na cin jiki: nazarin lamarin wani matashi

Waye shi, kuma me yake yi

Matashi ne ɗan shekara 27, bashi da wani ciwo da yake shan magani akai, baya shaye-shaye, kuma allurar penisilin bata taɓa yi masa illa ba. Ya ɗauki wasu shekaru yana hulɗar sha'awa da maza a ɓoye, amma da wata ƙa'ida da ya kafa wa kansa tun farko wadda a cewarsa bai taɓa karyawa ba, wato babu shiga ta dubura, ko shi ya yi ko a yi masa. Abun da suke yi shine runguma tsirara, sumbata mai zurfi, wasa da hannu, goga gaba da gaba ko tsakanin cinyoyi har a kawo, wani lokacin kuma baki ya kan kai ga al'aura. Kwaroron roba bai taɓa shigowa lissafinsa ba, dan a ganinsa me za'a rufe tunda ba inda za'a shiga.

Tsoron ƙanjamau ne ya sa ya kafa wannan ƙa'idar. Ya karanta, kuma gaskiya ya karanta, cewa tsakanin maza shiga ta dubura babu kariya ita ce babbar hanyar da ƙanjamau ke bi, sai ya ɗauka in ya toshe wannan ƙofar toh shikenan ya toshe duka. Duk wata shida yana zuwa gwajin ƙanjamau kuma kullum lafiya yake fitowa, wannan ya ƙara zaunar masa da tunanin cewa tsarinsa na aiki. Banda ƙanjamau bai taɓa gwajin wata cutar saduwa ba ko sau ɗaya.

Abokan hulɗarsa a lokacin biyu ne. Ɗaya tsohon aboki ne da suka daɗe tare, suna haɗuwa kamar sau biyu ko uku a wata, ɗayan kuma sabo ne da suka haɗu ta intanet, sau ɗaya tak suka keɓe. Ranar da ya keɓe da sabon ita na ɗauka a matsayin ranar farko, duk makonnin da zan ambata daga ita ake ƙirga. Ɓangaren lafiya kawai wannan rubutu ya ɗauka, ba fatawa na zo yi ba kuma ba shari'a ba, sai dai a riƙe cewa a ƙasashe da yawa doka na hukunta irin wannan hulɗar kuma jama'a na tsangwamar masu yinta, hakan ya taka rawa a duk jinkirin da za'a gani a ƙasa.

Ranar farko zuwa mako na 3

A wannan haɗuwar an yi sumbata, an goga jiki tsirara na tsawon lokaci, kuma sabon ya sa masa baki. Ɗakin babu haske sosai, bai duba jikin mutumin ba, kuma ko da ya duba da wuya ya ga wani abu tunda mikin tunjere ya kan ɓuya a cikin baki, ko ƙarƙashin 'ya'yan maraina, ko matsematsi inda ido baya kaiwa. Kwana biyu kafin nan ya aske gashin gabansa da reza.

Kusan mako uku babu komai. A kwana na 20 yana wanka ya ji wani ɗan tudu a gindin azzakarinsa, daidai inda fatar ta haɗu da ta maraina. Cikin kwana uku tudun ya fashe ya zama miki guda ɗaya, zagayayye, faɗinsa bai kai santimita 1 ba, bakinsa da tauri in an taɓa, tsakiyarsa ja ce sumul babu ruwan mugunya. Baya zafi ko kaɗan, baya ƙaiƙayi. Bayan 'yan kwanaki kaluluwa ta fito masa a matsematsin dama, ita ma bata ciwo.

Haka mikin farko na tunjere yake zuwa. Ƙwayar cutar, Treponema pallidum, bakteriya ce siririya a murɗe wadda Schaudinn da Hoffmann suka fara gani a Jamus a 1905, tana shiga ne ta laushin fata irin na cikin baki da al'aura, ko ta 'yar tsagar da ido baya gani a fatar da aka goga ko aka aske. Bata buƙatar maniyyi, bata buƙatar jini, taɓa mikin mai ɗauke da ita ya wadatar. Mikin na fitowa ne a daidai wurin da ta shiga tsakanin kwana 10 zuwa 90, galibi wajen kwana 21. Shi dai ya ce reza ce ta yanke shi wurin ya ƙi warkewa.

Mako na 3 zuwa na 7: maganin da ya yi wa kansa

Bai je asibiti ba, yace baya iya tunanin tuɓe wando gaban wani ana masa tambayoyi. Ya sayi wani man shafawa irin wanda ake haɗa maganin makero da na kumburi da na ƙwayoyin cuta duk a bututu ɗaya, yana shafawa safe da yamma, sannan ya ƙara da ƙwayar sipro, wani maganin kashe bakteriya, miligiram 500 sau biyu a rana har kwana 5, wai dan kar wurin ya ruɓe. Sipro bata kashe ƙwayar tunjere, man shafawa kuma ko da ya taɓa ta saman mikin bai isa inda take ba, dan tun kafin mikin ya bayyana ƙwayar ta riga ta bi jini ta zagaye jiki.

A mako na 5 da ya ga mikin na nan, sai tsoron da ya saba ya taso masa, ya je aka tsaga masa yatsa aka yi gwajin ƙanjamau na nan take. Ya fito lafiya. Bai gaya wa mai gwajin zancen miki ba, shi ma mai gwajin bai tambaya ba. Irin wannan gwajin na yatsa na iya ɗaukar har kwana 90 bayan haɗuwa kafin ya nuna, saboda haka ko a kan ƙanjamau ɗin ma sakamakon mako na 5 bai yanke magana ba, balle tunjere da ba'a nema ba kwata-kwata. Amma shi hankalinsa ya kwanta, a makon ya koma haɗuwa da tsohon abokinsa, da mikin a jikinsa, yace masa ciwon aski ne.

Zuwa mako na 7 mikin ya rufe ya bar ɗan tabo mara duhu. Ya yaba wa man shafawar. A haƙiƙa mikin farko na tunjere da kansa yake warkewa cikin mako 3 zuwa 6 ko an sa magani ko ba'a sa ba, kuma wannan shine abun da ya fi yaudarar mutane a cutar, ciwo baya zafi sannan ya tafi dan kansa, waye zai bi shi asibiti.

Mako na 11: zuwa asibiti na farko

Ya fara jin zazzaɓi sama-sama da yamma, ciwon kai, kasala, ciwon gaɓoɓi, maƙogwaro na masa kaushi. Kwana uku bayan haka wasu jajayen tabbai suka bazu a ƙirji da ciki da baya, basu tashi sosai ba kuma basa ƙaiƙayi, a fatarsa mai duhu sai an kawo haske an duba da kyau ake ganinsu. Wannan karon ya je asibiti tunda ciwon ya bar wurin da yake jin kunya.

Likitan da ya gan shi ya duba ƙirjin, ya tambaye shi ko ya sha wani sabon magani, yace ya sha sipro kwanakin baya. Sai likitan ya tambaya, kansa na kan takarda, akwai kuma wata ma'aikaciya a ɗakin tana jera kaya:

"Malam, ka sadu da wata kwanan nan?"

"A'a likita."

A ganinsa ba ƙarya ya yi ba, bai sadu da mace ba, kuma abun da yake yi da maza shi baya lissafa shi a saduwa. Daga nan tambayar ta mutu. Ba'a duba tafin hannu ba, ba'a haska cikin baki ba, ba'a ce ya tuɓe ba. An yi gwajin fitsari na gama-gari ya fito babu komai, aka rubuta cewa ko borin jini ne sanadin magani ko wani bairos ne mai wucewa, aka bashi farasitamol da maganin ƙaiƙayi na kwana 7. An bar jaki ana dukan taiki kenan. Zazzaɓin ya ɗan lafa, tabban suna nan, kuma cikin waɗannan makonnin ya haɗu da abokinsa sau biyu.

Mako na 13: asibiti na biyu

Abun da ya tada masa hankali shine tabbai da suka fito a tafin hannayensa da tafin ƙafa, zagayayyu launin jan ƙarfe, wasu fatar gefensu na ɗan saɓulewa, ya fara ɓoye hannu in zai gaisa da mutane. Cikin leɓensa na ƙasa ya ga wani farin tabo mai santsi wanda baya ciwo, sannan mai aski ya nuna masa cewa gashin ƙeyarsa ya zube a wurare ƙanana-ƙanana. Ya tafi wani asibitin daban inda ba'a san shi ba.

Likitar da ya samu tana ganin tafin hannun ta ajiye biro. Cututtukan da ke fitar da tabbai a tafin hannu da tafin ƙafa lokaci ɗaya basu da yawa, kuma a baligi tunjere mataki na biyu, wato lokacin da alamomi ke bazuwa a jiki bayan mikin farko, na sahun gaba. Ta sallami wanda ke ɗakin, ta rufe ƙofa, sannan tace masa:

"Malam, abun da zaka faɗa min a ɗakin nan zai tsaya, kuma ba dan in san sirrinka nake tambaya ba, so nake in san inda zan ɗebi gwaji. Cikin wata shida da suka wuce, jikinka ya taɓa jikin wani ta hanyar sha'awa, mace ko namiji ko duka biyun?"

Yace ya yi shiru ya kai minti guda yana kallon tafin hannunsa. Sannan yace, "Namiji ne likita, amma wallahi bamu taɓa yin wancan abun ba."

"Na ji. Wane wuri ya taɓa wane wuri? Baki da baki, baki da gaba, gaba da gaba, baki da dubura?"

Da wannan jerin ta samu duk labarin cikin minti biyar, har da mikin da ya warke wanda ita ce mutum ta farko da ya gaya wa. Ta duba shi tun daga kai har ƙafa. Ta ga tabon mikin a gindin azzakari, kaluluwa a wuya da hammata da matsematsi, farin tabon cikin leɓe, dubura kuma babu komai. Ta tambaye shi ko ganinsa ya dushe, ko kunne na masa ƙara ko jinsa ya ragu, ko akwai matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya, saboda tunjere na iya taɓa ido da kunne da ƙwaƙwalwa a kowane mataki kuma in haka ta faru maganin ya canza zuwa na jijiya. Duk babu.

Ta yi la'akari da sauran abubuwan da ke bin fata da fata kafin ta tsaya a kan ɗaya. Cutar hafis ƙuraje ne masu ruwa a cure kuma suna zafi sosai. Ƙyandar biri, wadda a 2022 ta yaɗu a ƙasashe da dama musamman tsakanin maza masu hulɗa da maza har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta a watan Yuli na shekarar, ita ma ƙurajenta na tara ruwa kuma sukan yi ciwo. Ƙazuwa da kwarkwatar gaba ƙaiƙayi ne baya barin mutum barci. Nasa babu zafi babu ƙaiƙayi.

Gwajin tunjere na nan take ya nuna akwai. Gwajin jini na RPR, wanda ke auna ƙarfin cutar, ya fito 1:64, iya girman lambar ta biyu iya ƙarfin cutar. Gwajin ƙanjamau na jinin jijiya ya fito babu. Ciwon hanta nau'in B babu, amma kuma bashi da garkuwa a kansa. Ta ɗebi fitsari, sannan ta goga auduga a bangon maƙogwaronsa ta aika ɗakin gwaji. Bayan kwana 4 sakamako ya dawo, fitsari babu komai, maƙogwaro kuma akwai ƙwayar ciwon sanyi wato gonoriya. Wannan ta kan zauna a maƙogwaro shiru babu wata alama, kuma gwajin fitsari ba zai taɓa ganinta a can ba. Hanyarta zuwa maƙogwaro da aka sani ita ce baki da al'aura, sai dai wani bincike da cibiyar lafiyar jima'i ta Melbon a Ostareliya ta fitar a 2019 ya nuna alaƙa tsakanin yawan abokan sumbata da gonoriyar maƙogwaro a tsakanin maza, saboda haka a nasa lamarin ko wanne daga cikin biyun na iya zama sanadi.

Maganin da aka yi

A ranar da aka ga sakamakon tunjere aka yi masa allurar benzatin penisilin, yunit miliyan 2.4, an raba biyu rabi a kowane ɗuwawu, sau ɗaya kenan ga wanda cutarsa sabuwa ce. Tun 1943 ake maganin tunjere da penisilin kuma har yau ƙwayar bata bijire masa ba. Allurar na da kauri kuma tana da zafi, yace kwana biyu yana zama a karkace.

Wajen awa shida da allurar zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, ma'auni ya nuna 38.9, ga rawar ɗari ga ciwon jiki, tabban ma suka ƙara ja. Da ba'a gargaɗe shi ba da ya ce allurar ce bata karɓe shi ba, amma likitar ta riga ta faɗa masa cewa haka kan faru cikin awa 24 na farko saboda ƙwayoyin na mutuwa da yawa lokaci guda, ya sha farasitamol ya sha ruwa ya kwanta, in kuma numfashi ya sarƙe ko fuska ta kumbura toh wannan wani abu ne daban ya garzayo. Washegari da yamma zazzaɓin ya sauka.

Da sakamakon maƙogwaro ya fito aka kira shi aka ƙara masa allurar seftirayakzon, maganin gonoriya, giram 1. Sipron da ya sha a baya ba abun dogaro ba ce a nan ma, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka wato CDC tun 2007 ta daina bada shawarar amfani da dangin sipro wajen gonoriya saboda ƙwayar ta saba da su. Aka ce ya dawo bayan kwana 14 a sake goga maƙogwaro tunda a nan ne cutar ta fi wuyar fita, ya dawo, ya fito babu. Aka kuma ce kar ya kusanci kowa, har sumbata, sai an cika kwana 7 da allura, tabon bakinsa ya warke, kuma an yi wa abokin hulɗarsa magani. Tabban jiki sun dushe cikin mako uku, gashin ya ɗauki kamar wata uku kafin ya cike.

Mako na 14 zuwa 17: abokan hulɗa

Sabon da ake zargin daga wajensa cutar ta fito bai samu ba, lambar bata shiga kuma ya goge shafinsa na intanet. A mataki na biyu ana bin abokan hulɗa ne na wata shida baya haɗe da tsawon lokacin alamomi, yace cikin wannan lokacin su biyun nan ne kawai.

Tsohon abokin ne aka sha fama da shi. Yunƙurin farko saƙon waya ne, ya rubuta masa cewa likita tace yana da infekshan, ya kamata shi ma ya je ya yi gwaji. Abokin ya je, ya yi gwajin ƙanjamau na yatsa, ya fito lafiya, ya turo masa hoton takardar da cewa shi kam lafiyarsa lau, kuma ai su basu taɓa yin abun da ke kawo cuta ba. Kuskuren da na farko ya yi a mako na 5 shi na biyu ya maimaita babu ragi, mako biyu suka tafi a haka.

Yunƙuri na biyu likitar ce ta rubuta 'yar takarda babu sunan kowa a jiki, ta sa sunan cututtukan biyu ƙarara, da gwajin da za'a nema, jini na tunjere da gogar maƙogwaro, da cewa a yi wa mai ɗauke da takardar allura a ranar ko da gwajin bai nuna ba, dan wanda ya taɓa mai cutar cikin kwana 90 jininsa na iya fitowa lafiya alhali tana jikinsa. Ya kai masa hannu da hannu, ya kuma nuna masa hoton tafin hannunsa da ya ɗauka kafin magani. Hoton ne ya yi aiki inji shi. Abokin ya zo a mako na 17, aka samu miki guda mara zafi a cikin leɓensa na ƙasa wanda ya ɗauka cizon haƙori ne, RPR ɗinsa 1:8, maƙogwaronsa shi ma da gonoriya. Aka yi masa allurai biyun a rana ɗaya. Wurin da mikin ya fito da lokacin da ya fito sun dace da sumbatar da suka yi sanda na farko ke da farin tabo a baki.

Wata na 3 zuwa na 12 bayan allura

A wata na 3 RPR ya sauko 1:16, ƙanjamau da aka maimaita babu. A wata na 6 ya zama 1:4, a wata na 12 kuma 1:2. Abun da ake nema shine ya ragu ninki huɗu cikin wata 6 zuwa 12, kamar daga 1:64 zuwa 1:16, ya cika wannan tun a awon farko. Ya karɓi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B guda uku, ta farko, sai bayan wata 1, sai a wata na 6, da ta nau'in A wanda ke bin baki da dubura. An yi masa bayanin rigakafin HPV, bairos ɗin da ke kawo tsiron gaba kuma shi ma fata da fata yake bi.

A wata na 8 an kusa komawa baya. Ya yi gwajin nan take a wani wuri ya nuna tunjere, aka ce masa cutar ta dawo za'a sake allura, ya zo a ruɗe. Irin wancan gwajin alamar cewa an taɓa kamuwa yake nunawa kuma a mafi yawan mutane haka zai ci gaba da nunawa har ƙarshen rayuwa, lambar RPR ce ke banbance tsohon tabo da sabon kamu. Aka auna aka ga bata tashi ba, ba'a yi allura ba, aka rubuta masa lambobinsa da watanninsu a kati ya riƙe. An kuma jaddada masa cewa warkewa bata bada garkuwa, gobe in ya taɓa mai miki zai sake ɗauka.

Bai daina hulɗar ba, ya dai rage, yace yanzu baya keɓewa da wanda bai sani ba, yana gwaji duk wata 3 zuwa 6, jini da maƙogwaro da fitsari. An tattauna da shi kan shan doksisaikilin miligiram 200 cikin awa 72 bayan haɗuwa, wanda CDC ta fitar da ƙa'idarsa a 2024 ga maza masu hulɗa da maza da suka kamu da irin waɗannan cututtuka cikin shekara guda, yana rage tunjere sosai amma a kan gonoriya ƙarfinsa kaɗan ne. Yace zai yi tunani, har wata na 12 bai fara ba.

Abun da na gani a lamarin

Lissafinsa a kan ƙanjamau daidai ne kuma bai kamata a rushe masa shi ba. Ƙanjamau baya bin runguma ko goga fata ko yawu, ta baki da al'aura ma haɗarin ƙanƙani ne ƙwarai, kuma gashi duk gwajinsa babu. Inda ya faɗi shine ɗaukar hanyar cuta ɗaya ya auna sauran da ita, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Tunjere da hafis da HPV da ƙyandar biri da ƙazuwa taɓawa suke so, gonoriya kuma ta iya zaman maƙogwaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta manya miliyan 8 ne suka kamu da tunjere a 2022 kaɗai, ba cutar zamanin da bace kamar yadda wasu ke ɗauka. Kuma mikin tunjere a buɗe na sauƙaƙa wa ƙanjamau shiga, da ace a waɗannan makonnin ya karya ƙa'idarsa ko sau ɗaya da labarin na iya zama wani.

Ba zan ce kwaroron roba da ya tsare shi ba, dan inda mikin ya fito roba bata rufe wurin, kuma babu robar da ake sawa a sumbata. Tana rage haɗari a baki da al'aura, iyakarta kenan a irin wannan hulɗar. Abun da ke kama cutar da wuri shine gwaji na a kai a kai daga wurin da aka yi taɓawar, da kai duk wani miki asibiti ko da baya zafi, ni a wajena ma wanda baya zafin ya fi cancantar a kai shi.

Daga fitowar miki zuwa allura mako goma ne. Takwas na farko nasa ne, kunya da tsoro da man shafawa, biyun ƙarshe kuma na asibitin farko ne, kuma na fi ganin laifin waɗannan biyun duk da sun fi gajarta, dan mutum ya riga ya kawo kansa. Likitan farko bai rasa ilimin tunjere ba, tambaya ce ya yi wadda ta riga ta yanke cewa mace ce kuma shiga ce, a gaban mutum na uku, majinyacin ya samu ƙofar fita ya fita da gaskiyarsa. Ta biyu bata da wani kayan aiki da na farko bashi da shi a minti goman farko, ƙofa ta rufe, ta duba tafin hannu, ta tambayi wane wuri ya taɓa wane. Haka wajen abokin, cewa mutum je ka yi gwaji babu sunan gwajin tura shi ne ya je ya yi na ƙanjamau ya dawo da takardar da zata ƙara masa taurin kai.

Ɓangaren da bai yi nasara ba shine mutum na uku. Ba'a same shi ba, in bai samu magani a wani wurin ba toh alamominsa sun daɗe da ɓacewa yanzu, ya shiga matakin da cutar ke kwanciya shiru wanda sai gwajin jini ke ganowa, kuma idan ta daɗe haka maganinsa ya tashi daga allura ɗaya ya koma uku, ɗaya duk mako.